Haɗa safaktan daga asid na tsirrai da gwada shi: tambayoyi da amsoshi

Mene ne safaktan, kuma me ya haɗa shi da asid?

Safaktan sinadari ne mai kai da wutsiya. Kan yana son ruwa, wutsiyar kuma mai take so. Idan ya shiga ruwa sai ya jeru a samansa, kai a ciki, wutsiya a waje, ya karya taurin nan da ke sa allura ta kwanta a kan ruwa ba ta nutse ba. Taurin saman tsabtataccen ruwa yana kusan 72 a ma'aunin mN/m idan zafi yana digiri 25. Safaktan mai kyau yakan sauko da shi tsakanin 25 da 35.

Asid na oganik yana shiga ta ɓangare biyu. Na mai, irin su lorik mai kabon 12, palmitik mai 16, da sitiyarik da oleyik masu 18, su ke ba da wutsiya. Ƙananan asid kuma su ke ba da kai: sitirik na lemun tsami, tatarik na tsamiya, laktik na nono, sukusinik, da asid na amino irin gulutamik da sakosin. Sabulu shi ne kakan gidan, domin gishirin asid na mai ne kawai. Mai sabulun salo da ke dafa ruwan toka da mai, wannan aikin take yi.

To tunda akwai sabulu, me ake nema da sabo?

Sabulu yana da rauni biyu. A ruwa mai kalsiyam da maganiziyam, irin na wasu rijiyoyi da burtsatse, yakan tsinke ya zama farin dauɗa da ke manne wa bokiti da tufafi. Ga shi kuma ba ya aiki sai pH, ma'aunin da ke nuna asid a ƙasa da 7 da irin kanwa a sama da 7, ya kai 9 zuwa 10, alhali fatar mutum tana wajen 5. Da an sauko da pH ɗinsa sai ya koma asid na mai, kumfa ta mutu. Idan aka saka wani ƙaramin asid tsakanin wutsiya da kai, ta haɗin esta (asid da alkohol) ko na amaid (asid da amino), sai a sami abin da ya fi jure waɗannan biyun, ya fi laushi a fata, kuma ƙwayoyin halitta na ƙasa da ruwa suna iya ruɓar da shi.

Wace wutsiya ce ta fi dacewa?

Don wanki da kumfa, kabon 12 zuwa 14. Shi ya sa masana'antu suka dogara da man kwakwa da man alayyadi, waɗanda kusan rabin asid ɗinsu lorik ne. Man gyaɗa da man kaɗanya kabon 18 ne ya fi yawa a cikinsu: na gyaɗa oleyik da linoleyik, na kaɗanya sitiyarik da oleyik. Sun fi dacewa da man shafawa da haɗa mai da ruwa, kumfarsu kaɗan ce. Akwai ƙa'idar da ba ta cika saɓawa ba: a safaktan mai caji, wato wanda kansa ke ɗauke da cajin lantarki, kowane kabon ɗaya da aka ƙara wa wutsiya yana rage adadin da ake buƙata da kusan rabi, amma yana ƙara masa wuyar narkewa a ruwan sanyi.

Wace hanya ce mai fara koyo zai bi?

Shawararmu ita ce a fara da sukusinik anhaidiraid, wato asid ɗin sukusinik da aka cire wa ruwa, da dodekanol, alkohol mai wutsiyar kabon 12. Haɗin ba ya fitar da ruwa, ba ya buƙatar katalis, wato sinadarin da ke hanzarta haɗuwa, lissafinsa kuma a fili yake.

A auna giram 10.0 na anhaidiraid da giram 18.6 na dodekanol, wato mol 0.1 kowanne (mol ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari ne). A zuba su a busasshiyar kwalbar gwaji mai zagayen gindi, a ɗora bututun sanyaya tururi da abin tare laima a bakinsa, a dumama a cikin wankan mai a digiri 110 zuwa 120, ana juyawa, awa uku zuwa huɗu. Za a ga fararen allurai suna taruwa a wuyan kwalbar. Anhaidiraid ɗin ne ke tashi yana daskarewa a can, sai a riƙa karkaɗo shi ciki, in ba haka ba lissafin ɗaya da ɗaya ya lalace, dodekanol ya yi saura. Idan ya huce zai zama farin kaki. A narkar da shi a hekzen mai ɗumi, a tace, a bar shi ya sake daskarewa, a maimaita sau biyu. Iyakar abin da lissafi ya yarda a samu giram 28.6 ne.

Wannan kakin asid ne har yanzu, ba ya narkewa a ruwa. Sai an mayar da shi gishiri da giram 8.4 na bakin soda a kowane mol 0.1, a sanyi, kaɗan-kaɗan saboda yana tafasowa, har pH ya tsaya tsakanin 7 da 8. Kada a yi gaggawar zuba kostik mai ƙarfi da zafi: zai tsinke estar da aka sha wahalar ɗaurawa, a koma gidan jiya.

Masana'antu suna bin makamanciyar wannan hanya da maleyik anhaidiraid a digiri 60 zuwa 80, sannan su ƙara sodiyam salfait, su sami salfosukusinet da ake sakawa a sabulun gashi mai laushi.

Me ya sa sitirik yake ba da wahala, ga shi da araha?

Hannu uku yake da shi na asid, kowanne kuma yana iya kama wutsiya. Abin da ke fitowa cakuɗe ne: mai wutsiya ɗaya, mai biyu, mai uku. Mai ɗaya shi ne safaktan na ƙwarai. Mai uku ba shi da sauran kai mai caji, mai ne zalla, kuma yana kashe kumfa. Dabarar ita ce a sa sitirik ya fi alkohol ɗin yawa, sannan a wanke ragowarsa da ruwan gishiri.

Matsala ta biyu, sitirik ba ya narkewa a alkohol mai doguwar wutsiya, sai a ga garinsa kwance a gindin kwalba yana ƙonewa. Yana narkewa da zafi a digiri 153, idan kuma aka doshi 175 sai ya fara rushewa, haɗin ya yi ruwan ƙasa da ƙauri. A tsaya ƙasa da 150, a juya da ƙarfi. Ana sa katalis na asid ɗin toluwin salfonik, rabin kashi zuwa kashi 1 cikin 100, a cire ruwan da ke fitowa da toluwin da tarkon Dean-Stark, bututun gilashi mai ma'auni da ke tara ruwan. Tarkon nan shi ne agogon aikin: kowane mol ɗaya na esta yana ba da mililita 18 na ruwa, don haka a mol 0.1 idan ruwan ya kai mililita 1.8 a sauke. A tabbata sitirik ɗin busasshe ne. Wanda ake yawan sayarwa yana ɗauke da nasa ruwan a cikin ƙwayarsa, zai cika tarkon da wuri ya yaudari mai aiki.

Laktik nasa halin daban: yana kama kansa da kansa ya yi sarƙa, don haka tsawon kan ba ya zama ɗaya. Duk da haka daga shi da sitiyarik ake yin E481, sinadarin ƙari a abinci da masu burodi ke amfani da shi. 'Yan uwansa, E472c daga sitirik yake, E472e daga tatarik.

Ta yaya ake yin na asid ɗin amino?

Ta hanyar Schotten-Baumann, wadda ta samo suna daga masanan Jamus biyu na shekarun 1880. A narkar da giram 9.8 na sakosin, wato mol 0.11, a ruwa da kostik har pH ya kai 10 zuwa 11. A sa kwalbar cikin ƙanƙara. A ɗiga giram 21.9 na loroyil kulorayid, mol 0.1, a hankali cikin awa ɗaya zuwa biyu, ana ɗiga ruwan kostik a gefe guda don pH ya tsaya inda yake, zafi kuma kada ya wuce digiri 15. Jimillar kostik za ta ɗan haura giram 8.

Aikin duka a riƙon pH yake. Idan ya faɗi, amino ɗin yana ɗaukar caji ya daina kamawa. Idan ya hau da yawa ko haɗin ya ɗumama, ruwa ne zai riga amino kama kulorayid ɗin, sai a wayi gari da sabulun lorik. Bayan an gama ɗigawa a bar shi yana juyawa awa biyu a zafin ɗaki, a zuba asid haidirokulorik har pH ya sauka 2. Safaktan ɗin zai rabu kamar kaki ko mai. A wanke shi da ruwa sau da yawa don fitar da gishiri, a cire ragowar lorik da hekzen, sannan a mayar da shi gishirin sodiyam. Iyakarsa a lissafi giram 27.1. Idan gulutamik ne, ruwa kaɗai ba ya wadatarwa, ana gauraya shi da asiton.

Kulorayid ɗin asid yana hayaƙi a iska mai laima, yana ƙona fata da huhu. Haka tiyonil kulorayid da ake yin sa da shi. Wannan ba aikin ɗakin girki ko shago ba ne: sai da akwatin zuƙe hayaƙi, tabarau da safar hannu.

Ta yaya zan san abin da na haɗa shi ne abin da na nufa?

Da farko lambar asid, wato miligiram na KOH (potasiyam haidiroksaid) da giram ɗaya na samfuri ke ci kafin asid ɗinsa ya mutu. A narkar da giram 0.500 a etanol, a ɗiga fenolftalin, a riƙa ɗiga KOH mai ƙarfin mol 0.1 a lita har ruwan hoda ya tsaya daƙiƙa 30. A ninka mililitar da aka ci da 0.1, a ninka da 56.1, a raba da nauyin samfurin. Ga estar sukusinik ɗin can, ya kamata a ci kusan mililita 17.5, lambar ta fito 196. Idan ta yi ƙasa, akwai ragowar dodekanol ko mai wutsiya biyu. Idan ta yi sama, laima ta shiga ta mayar da anhaidiraid asid ɗin sukusinik, wanda lambarsa 950 ce, kaɗan daga cikinsa ya isa ya ɗaga sakamakon.

Sai na'urar FTIR, wadda ke haska samfuri ta nuna irin haɗin da ke cikinsa da lambobi. Anhaidiraid yana da alamu biyu wajen 1860 da 1780, dole su ɓace. Esta tana bayyana wajen 1740, asid 1710, amaid 1640, gishirin asid kuma wajen 1570. Amma FTIR tana cewa akwai abu ne kawai, ba ta cewa shi kaɗai ne. Don haka a haɗa da faifan TLC, mai rarraba cakuɗe ɗigo-ɗigo, a ga ko ɗigo ɗaya ne, da na'urar NMR mai nuna tsarin sinadari inda ake da ita. Yawan safaktan mai kan salfet ko salfonet a cikin haɗi kuma ana gano shi da awon ruwa biyu na ƙa'idar ISO 2271, da sinadarin Hyamine 1622.

Mene ne CMC, kuma ya ake auna shi?

Idan saman ruwa ya cika, ragowar safaktan sai su dunƙule a cikin ruwan, wutsiya a tsakiya, kai a waje. Dunƙulen shi ne misel, a cikinsa maiƙo ke ɓuya lokacin wanki. Adadin da misel ke fara samuwa shi ne CMC. Idan ya yi ƙasa, kaɗan ake buƙata.

Ga mai caji, na'urar auna gudun lantarki a ruwa ta fi sauƙi. A haɗa ruwa mai ƙarfin milimol 50 a lita, a riƙa sirka shi har a sami matakai 15 zuwa 20, a auna kowanne, a zana jadawali. Layuka biyu za su fito, na farko ya fi tsayuwa, inda suka haɗu nan ne CMC. Hanya ta biyu ita ce auna taurin saman ruwa da zoben du Noüy ko farantin Wilhelmy: taurin yana sauka har ya kai CMC sannan ya miƙe. Inda babu waɗannan, ana iya ƙirga ɗigon da ke fita daga siririn bututu a kwatanta da na ruwa zalla, sai dai ba shi da kaifi sosai.

Kafin a taɓa sabon sinadari, a gwada na'urar da sanannen safaktan SDS (sodiyam dodesil salfet), wanda CMC ɗinsa kusan milimol 8.2 ne a digiri 25. Na sodiyam loroyil sakosinet yana tsakanin 14 da 15. Ruwan da za a yi aiki da shi ya nuna 72 ko kusa, in bai nuna ba kwalba ce ba ta wanku ba. A ƙona zoben da wuta kafin kowane awo. Zafin ma a riƙe shi da wankan ruwa a kuma rubuta shi, domin ɗakin gwaji a Sakkwato cikin Afirilu da ɗakin nan a tsakiyar hunturu ba za su ba da lamba ɗaya ba.

Layina ya nutsa ƙasa kusa da CMC sannan ya sake hawa. Ashe sinadarina ya fi ƙarfi ke nan?

A'a, bai tsarkaka ba ne, kuma nan ne sabbin safaktan da yawa ke samun yabon da ba nasu ba. Ragowar dodekanol ko lorik, ko da bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ya fi safaktan ɗin son saman ruwa. Sai ya mamaye wurin ya ja taurin ƙasa ƙwarai. Da misel sun samu sai su haɗiye shi, taurin ya koma inda ya kamata. Wannan ramin da ke jadawali shaidar datti ce. Ragowar gishiri kuma yana rage CMC na mai caji, sai a ɗauka an yi nasara. Ragowar dodekanol har kumfa yake ƙara wa kauri. Maganin ɗaya ne: a sake wankewa da hekzen, a sake daskararwa, a sake awo, har ramin ya shafe. Lambar da aka samu daga samfurin da ba a tsarkake ba, ba ta sinadarin ba ce, kuma wani ba zai iya maimaita ta ba.

Kumfa mai yawa ba ita ce alamar ƙarfin wanki ba?

Mai saye yana son kumfa, masu haɗa sabulun ruwa da salfonik da Texapon sun san haka. Amma kumfa daban, fitar da datti daban. Safaktan marasa caji da yawa kumfarsu kaɗan ce, suna kuma cire maiƙo sosai, injin wanki ma mai ƙarancin kumfa yake so.

Gwajin kumfa na Ross-Miles shi ne a sako mililita 200 daga tsayin santimita 90 a kan mililita 50 na ruwan guda, a auna tsawon kumfar nan take da bayan minti 5. Na jiƙawa shi ne na Draves: a jefa zaren auduga giram 5 da ƙugiya a silinda mai mililita 500, a ƙirga daƙiƙun da zai yi kafin ya nutse. Don riƙe mai da ruwa, a girgiza mililita 2 na kananzir da 2 na ruwan safaktan minti 2, a ajiye awa 24, a raba tsawon farin gaurayen da tsawon duka. Wanki kansa sai an shafa wa farin ƙyalle datti iri ɗaya, manja da baƙin tukunya misali, a wanke a lokaci ɗaya da zafi ɗaya, a kwatanta da wanda aka wanke da sanannen safaktan da wanda aka wanke da ruwa zalla.

Me ya sa ruwan ya yi dishi-dishi da safe, da rana ya washe?

Kowane safaktan mai caji yana da zafin da in an sauka ƙasa da shi sai ya daskare maimakon ya yi misel. Ana kiran wannan zafin Krafft. A sanyaya ruwa mai kashi 1 cikin 100 har ya yi dishi-dishi, a dumama a hankali, digiri ɗaya a minti, a rubuta inda ya washe. Gishirin sodiyam na palmitik da sitiyarik sai an wuce digiri 50. Ana rage shi da gajarta wutsiya, da amfani da oleyik, ko sauya sodiyam da potasiyam ko tirayetanolamin. Duk awon CMC da aka yi ƙasa da wannan zafin ba shi da ma'ana.

Ya ake gwada juriyar ruwa mai kalsiyam?

A narkar da giram 0.44 na kalsiyam kulorayid mai ruwa biyu a lita ɗaya, daidai yake da miligiram 300 na kalsiyam kabonet a lita, ruwa mai tauri sosai. A maimaita gwajin kumfa a cikinsa, a duba ko ya tsinke. Estar sukusinik mai kai ɗaya ba ta yi wa sabulu nisa sosai a nan ba. Salfosukusinet da sakosinet sun fi ta.

HLB fa?

Ma'auni ne da William Griffin ya kawo a 1949, daga 0 zuwa 20, don marasa caji, yana nuna ko safaktan ya fi son mai (ƙaramar lamba) ko ruwa (babbar lamba). Daga 3 zuwa 6 suna riƙe ruwa a cikin mai, 8 zuwa 18 mai a cikin ruwa, 13 zuwa 15 wanki. Ga esta, a raba lambar sabuluntawa, wato miligiram na KOH da giram ɗaya na estar ke ci kafin ta koma sabulu, da lambar asid ɗin man, a cire daga 1, a ninka da 20. Gilisarol monositiyaret yana ba da 3.8. Ba ya aiki daidai a kan masu caji.

Tunda daga tsirrai yake, ai ba shi da illa ko?

Asali ba hujja ba ne, sai an gwada. Gwajin OECD 301B yana neman sinadarin ya ruɓe ya fitar da kashi 60 cikin 100 na iskar kabon da lissafi ya nuna cikin kwana 28. An koyi wannan darasi da wuya: safaktan mai rassa da aka yi amfani da shi a Turai da Amurka ya ƙi ruɓewa, koguna suka cika da kumfa, har aka sauya shi da mai miƙaƙƙiyar wutsiya a shekarun 1960. Laushi a fata ana fara duba shi da gwajin furotin na masara, wato zein: wanda ya fi narkar da shi ya fi cin fata. A Nijeriya, abin wanki ko na shafawa da za a kai kasuwa sai ya sami rajistar NAFDAC.

An haɗa sabulun ruwa da shi ya yi kyau, bayan wata biyu ya rabu gida biyu. Me ya faru?

Haɗin esta da ke sa shi saurin ruɓewa a kogi shi ne ke sa shi tsinkewa a kwalba. Ruwa yana yanke shi a hankali, ya fi sauri in pH ya wuce 9 ko ya sauka ƙasa da 4, zafi kuma yana ƙara masa gudu. Alamunsa su ne pH yana sauka, maiƙo yana tasowa sama, kumfa tana sauyawa. Idan haɗin yana da soda ash ko kostik, esta ba za ta daɗe a cikinsa ba, sai dai amaid, wanda ya fi juriya. Kafin a yi da yawa, a zuba samfuri uku a pH 4, 7 da 9, a rufe, a ajiye a digiri 45, a riƙa auna pH da lambar asid kowane mako har wata uku. Estar sukusinik da sitirik sun fi zama lafiya tsakanin pH 5.5 da 7, da ɗan sodiyam sitiret a ciki don ya riƙe pH ɗin, da sinadarin hana ruɓewa, domin ƙwayoyin cuta ma abinci suke ɗaukar irin wannan safaktan.